Kafin Alhaji Ya Sake Shawara: Yadda Ake Tsara Fallayen Zanen Gini

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi titin Katsina, ya wuce Gidan Mutum Ɗaya ya shigo Kankiya, zai ga bulo jibge a bakin hanya, ga shaguna na jiran kwano, ga fulotai an zagaye da katanga. Wasu daga cikin gine-ginen nan a cikin kwamfutar wani matashi aka fara aza su, wanda ya koyo zane a Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko a gaban wani ubangida mai haƙuri. To, da kai nake, ƙanena. Hannunka ya faɗa, zanenka kuma abin a kalla ne. Saura ka koyi raba shi falle-falle, abin da masu sana'ar ke ce wa leya.

Kafin kwamfuta ta zo, masu zane kan yi amfani da takardu shara-shara, bango a wannan, wayar wuta a waccan, a jera su bisa juna a ga gida sukutum, a zare ɗaya a ga saura. Manhajar AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a watan Disamba na 1982, wannan dabarar ta ɗauka. Sai dai idan ka buɗe sabon fayil, falle ɗaya tak za ka tarar, sunansa 0, ba ya goguwa, ba a kuma sake masa suna. A nan samari da yawa ke tarewa. Bango, taga, kujerun falo, itacen darbejiyar ƙofar gida, duk a kansa. Wannan daidai yake da manomin da ya zuba gero da dawa da wake a buhu ɗaya ya ɗinke: ranar da uwargida ta ce a ɗebo mata wake, ranar zai san abin da ya yi wa kansa. Ka bar wa 0 aikinsa, wato ƙera 'yan kayan da ake maimaitawa irin su ƙofa da taga, domin abin da aka ƙera a kansa yakan ɗauki launin duk fallen da aka ajiye shi.

Rubuta LA ka danna Enter, teburin fallaye zai buɗe. Yanzu sai raɗin suna, kuma a nan ake gane mai tausayin na baya. Na ga fayilolin da fallayensu ke amsa sunan "sabo", da "sabo2", da "na ƙarshe", da "na ƙarshe wallahi". Duniya na da ƙa'ida a kan wannan, ISO 13567, mutanen Amurka kuma suna da tasu mai farawa da harafin sana'a, irin A-WALL da A-DOOR. Idan zanen zai je hannun injiniya ko hukumar tsara birane, bi irin tasu. Idan tsakaninka ne da magini, Hausa ma ta wadatar: G-BANGO-9 na bulo inci tara, G-BANGO-6 na inci shida, G-TAGA, W-WAYA, R-FAMFO, R-SOKAWE, sai AWO da RUBUTU. Amfanin harafin farkon shi ne, da ka rubuta R-* a gurbin bincike, kayan ruwa kaɗai za su rage a jerin. Raba bangon gida biyu kuwa, ranar lissafin bulo za ka gode wa Allah da ka yi.

Launi da kaurin layi ka bar su a hannun falle, wato ByLayer. Kada ka bi layi ɗai-ɗai kana shafa masa launin da ranka ya so. In ka riga ka yi, SETBYLAYER zai maido da kowa gida. Ruwan ɗorawa, mai lamba 2, yana haskawa gwanin sha'awa a baƙin allo, amma a farar takarda sai magini ya nemo tabarau. Ba wa bango kaurin milimita 0.5, awo 0.18, ka buga da monochrome.ctb, kowa ya huta.

A gaban kowane falle akwai 'yan alamomi: ƙwan fitila, da rana, da kwaɗo. Kowace da halinta, kuma rashin sanin halin nan ya sa maza da yawa kwana a zaune.

Ka kashe fitila, falle ya ɓace daga ido, amma yana nan. Idan ka ce a goge, ka rubuta ALL, har abin da ba ka gani zai tafi. Ka danna rana ta koma ƙanƙara, ka daskarar da shi ke nan: manhajar ta daina lissafi da shi, ALL ba ya taɓa shi, kwamfutarka 'yar gwanjo kuma ta sami sararin numfashi. Kwaɗo kuwa, ka gani, ka auna daga jikinsa, amma ba ka isa ka motsa shi ba. Fallen farko da ya cancanci kwaɗo shi ne na iyakar da safiyo ya ba ka. Taku ɗaya da linzami ya ja bisa kuskure na iya zama shari'ar da za ta kai gaban mai unguwa, daga nan gaban hakimi, 'ya'ya su gada.

Ga kuma tarkon da ke cikin daskarewa. Alhaji mai ginin ya bugo waya bayan la'asar, ya ce a ja gidan baya mita huɗu, yana son shago uku a bakin titi. Ka ce an gama, ranka ya daɗe. Ka zagaye gidan ka ja shi. Ashe fallen famfo na daskare tun jiya. Gida ya matsa, banɗaki ya tsaya inda yake, yanzu ga shi a tsakiyar falon baƙi. Don haka kafin ka motsa gini, rubuta LAYON, ka rubuta LAYTHW, kowa ya fito fili, sannan a yi ƙaura tare.

Alhaji kuwa zai sake shawara, kada ka yi shakka, kuma haƙƙinsa ne, shi ya sayar da amfanin gona ya tara kuɗin. Hajiya ma za ta aiko a matso da kicin kusa da ɗakinta, a kuma toshe tagar da ke kallon zaure. Kada ka goge tsohon tsari. Buɗe masa falle, ka sa masa suna SHAWARA-1, ka daskarar. Bayan mako biyu, in aka ce ai na farkon ya fi, sai ka narkar da shi cikin daƙiƙa, ka karɓi yabo har da tukuici. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Zanen nan ba naka ba ne kai kaɗai, wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka. Magini bango da awo yake nema. Mai wayarin yana son ya ga inda soket da fanka za su zauna, ba ruwansa da fulawar tsakar gida. Mai walda taga da ƙyaure kawai ya sani. Kunna wa kowa nasa, ka adana yanayin da LAYERSTATE da sunan mai sana'ar. A shafin bugawa kuma akwai VP Freeze, mai ɓoye falle a tagar kallo ɗaya ya bar shi a sauran, ta yadda zane guda zai haifi takardar kowa.

Akwai inda raha ke ƙarewa. Rubuta LAYISO, ka zaɓi rijiya da sokawe, komai ya kauce su biyu su rage, ka auna tsakaninsu. Ma'aikatan lafiya kan nemi tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da ruwan sha, fulotinmu na ƙafa 50 da 100 kuwa tsawonsa gaba ɗaya kimanin mita 30 ne. Ka ga dole ka taka ka leƙa inda maƙwabci ya haƙa nasa, ka buɗe masa falle shi ma. Garin da ke da makarantar koyon aikin kiwon lafiya kamar Kankiya bai dace a zana masa gidan da zai shayar da yara cuta ba. Haka nan ka ja layin alƙibla a fallensa daban, daga nan yankin gabas take ta ɗan karkata arewa, don kada mazaunin banɗaki ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Gyaran wannan a kwamfuta kyauta ne, bayan an zuba kankare kuwa sai da guduma. LAYUNISO zai dawo maka da sauran zanen.

Hattara da wani falle mai suna Defpoints, wanda ke tsirowa da kansa da zarar ka fara sa awo. Abin da ke kansa ana ganinsa a allo, amma ba ya fita a takarda. Mutum sai ya biya kuɗin mota daga Kusada har Katsina ko Kano don buga babbar takardar A1, a miƙo masa gida ba katanga. Fitar da PDF tun kana gida, ka dube shi da kyau kafin ka nufi tasha.

In kuwa fayil ɗin wani ka gada, mai fallaye tamanin da ba a san iyayensu ba, LAYWALK zai nuna maka su ɗaya bayan ɗaya, LAYMRG ya haɗe masu aiki iri ɗaya, PURGE ya share waɗanda babu kowa a kansu. Da ka samu jerin da ya kwanta maka, goge zanen ka bar fallayen, ka adana shi a matsayin DWT, ka ajiye kwafi a filash da waya saboda ranar da kwamfuta za ta ƙi tashi. Ka ba yaron shagonka nasa kwafin, ka zaunar da shi ya kashe fitila, ya daskarar, ya sa kwaɗo da hannunsa har sai ya bambance su, tukuna ka bar shi ya taɓa zanen mutane.