Zaman Haya a Cikin Kwamfutarka

Ban san wata halitta da ake sanar da ranar rasuwarta tun tana cikin ƙoshin lafiya ba, in ban da manhajar kwamfuta. Microsoft ya fitar da Windows 10 a watan Yulin 2015, ya kuma tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar da zai daina aiko mata gyare-gyaren tsaro. Ranar ta zo ta wuce, babu kwamfutar da ta yi ko tari. Abin da ya canja kawai, duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga nan, babu mai toshe ta sai da sharaɗi. Ni dai a ganina, wanda ya sayi kwamfuta ƙarfe da roba kaɗai ya mallaka. A cikin manhajar zaman haya yake yi, kuma sau da yawa da bayanansa yake biya.

Maigidan ya ce kowa ya koma sabon ɗaki, Windows 11, kyauta. Sai dai a bakin ƙofa ana duba ko kwamfutarka na da wani ɗan abin tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, galibi sai ta kasance ƙarni na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, ko sama da haka. Mu da yawancin kwamfutocinmu na gwanjo ne, waɗanda ofisoshin Turai suka gama cin moriyarsu kafin su sauka Legas, a nan ake ce mana mu koma gefe. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta kwamfutoci kusan miliyan 240 ne za su iya zama tarkace saboda wannan sharaɗi. Abin dariyar, a 2015 wani ma'aikacin Microsoft ya faɗa a bainar jama'a cewa daga Windows 10 ba za a sake wata ba.

Wanda ya ƙi tashi, an yi masa rangwamen shekara guda. Ko ya biya dala 30, ko ya kawo maki 1,000 na garaɓasar kamfanin, ko a ba shi kyauta in ya buɗe asusu ya yarda a riƙa kwashe saitunan kwamfutarsa zuwa rumbun kamfanin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dama tun fitowarta Windows 10 tana aika rahoton yadda kwamfuta ke aiki, kuma a nau'o'in Home da Pro maɓallin da aka ba ka na ragewa ne, babu na kashewa gaba ɗaya. A 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta umarci kamfanin ya daina tara bayanan da suka wuce kima.

Za a ce mini babu kamfanin da zai yi ta facin tsohuwar manhaja har abada, kuma shekara goma ba kwana goma ba ce. Za a tuna mini da WannaCry, ƙwayar cutar kwamfuta da ta gurgunta asibitocin Ingila a watan Mayun 2017 ta hanyar kwamfutocin da ba a yi wa gyara ba. Na yarda. To amma in haɗarin ya kai haka, mene ne hikimar barin miliyoyin kwamfutoci a buɗe? Kuma facin nan ana ci gaba da yin sa: ma'aikatu suna saye a dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, farashin yana ninkawa duk shekara, har shekara uku. Ashe maganin yana nan, aljihun majinyaci ake dubawa. Wani zai ce rahoton da Windows 10 ke aikawa don gano matsaloli ake tara shi. Madalla, sai a nemi izinina, tunda mai neman taimako ba ya hana a ce masa a'a. Masu cewa a koma Linux ma suna da gaskiya, har zuwa lokacin da mai shagon buga katin biki zai nemi CorelDRAW ya rasa.

Abin da ya fi ba ni haushi, sharaɗin kwashe saitunan nan yana lanƙwasuwa. Da ƙungiyoyin kare masu saye na Turai suka matsa, kamfanin ya ba mutanen can ƙarin shekarar ba tare da tilasta musu kwashe saitunansu ba. Su sun ɗauko doka sun buga tebur. Mu kuwa doguwar yarjejeniya ce take fitowa a allo, mu ce Allah ya kyauta, mu danna amincewa tun kafin ta gama buɗewa.