Masu Kallon Boyka Iri-Iri Ne

Da kuɗi kaɗan aka yi Undisputed II a 2006. A Bulgeriya aka ɗauke shi aka ce mana kurkukun Rasha ne, kuma a Amurka ko silima bai shiga ba, faifai ya nufa kai tsaye. Duk da haka, ranar da aka saka shi a gidan kallo sai benci ya yi kaɗan.

Na farko a layi shi ne mai riga malam masallaci. Ya haddace fim ɗin, tun ba a daki kowa ba zai ce, "Ku lura da gwiwar nan, ita za a karya." In ka harare shi, ya ɗauka ƙarin bayani kake nema.

Kusa da shi akwai mai taya faɗa. Duk tsallen da Boyka, bos ɗin fim ɗin, ya yi ya juya a iska, ƙafar wannan sai ta motsa, na bencin gaba ya sha shuri.

Sai masani, mai taɓe baki yana cewa duk kwamfuta ce. Wannan kam ya fi kowa ba ni haushi, domin ya kasa ganin abin da ya tara mu. Babu kuɗin ƙona motoci ko tarwatsa gada, saboda haka darakta Isaac Florentine, wanda shi kansa ɗan karate ne, ya ja kyamara baya ya bar jiki ya yi aiki. Kana ganin mutum daga kai har ƙafa, kana ganin inda dukan ya taso da inda ya sauka, ba a yanka hoton gutsi-gutsi don a ɓoye ragon jarumi ba.

Akwai mai rantsuwa Boyka ɗan Rasha ne. Ka ce masa Scott Adkins sunansa, ɗan Ingila, ya ce, "Haba malam, ba ka ji maganarsa ba?" Alhali fassarar Hausa ya kalla.

Mafi yawa su ne mabiya bos. Michael Jai White ne jarumin, amma babu ruwansu da shi. Su suka yi nasara ma, domin a kashi na uku, na 2010, Boyka aka mayar jarumi, da gurguwar gwiwarsa.

Can ƙarshen benci kuma ga dattijo ɗan kallon dambe, tun ɗazu bai ce uffan ba. Sai da aka tashi ya gyara hula ya ce, "Yaron ba laifi. A naɗa masa zare a hannu, mu ga ko zai kai turmi uku."