Fanka Ɗaya, Masu Ita Iri-iri

Wata goma sha ɗaya Bakano bai san motarsa tana da hita ba. Sai Disamba ta kama, hazo ya lulluɓe Dutsen Dala, a fito da asuba yatsu su ƙi kama sitiyari, sannan a murɗa maɓalli a ji tsit. Daga nan sai rumfar mai wayarin. Na ɗan kwana biyu ina dumama benci a wata rumfa ta wajen Ƙofar Ruwa, na ga mutane.

Akwai Alhaji Jiya-Ma-Tana-Yi. Motarsa Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, inda aka soma haɗa su tun 1975, kuma a wurinsa ba a sake ƙera mota ba tun daga ita. Zai rantse jiya ma fankar tana yi. Yaron gareji ya kwanta rigingine a gaban kujerar mai zaman banza, ya kwance kusoshi, ya zaro ta. Ga sheƙar ɓera, ga ɓawon gyaɗa, ga ƙurar hunturu bakwai ta daskare a fukafukan. "Ranka ya daɗe, ai ɓeran nan har jikoki ya yi a ciki." Alhaji ya gyara zaman hula: "To, daren jiya ya tare."

Sai Mai Duka. Shi bai yarda da makanike ba, ya yarda da tafin hannunsa. Fanka ta yi shiru, ya ɗaka wa dashbod mari, ta tashi. Abin haushin, yana da 'yar gaskiya: kabon ɗin cikin fankar ne ya cinye, girgiza ke sa ya sake taɓawa. Idan ya bi ta Jakara, ramukan titi ma suna tayar masa da ita kyauta. Ba ya zuwa rumfa sai ranar da hannu ya kumbura.

Mai Lamba Huɗu kuwa rezistarsa ce ta ƙone. Lamba ɗaya zuwa uku ta cikinta wuta ke bi, ta huɗu ce take zuwa kai tsaye. Don haka motarsa ko shirun maƙabarta ko guguwa. Fasinja ya dafe hula, shi yana cewa haka Bature ya yi ta.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne Mai Zaren Waya. Fiyus ya tsinke, ya naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari, ya ce ya gama. Alhali fiyus maigadi ne. Bai tsinke ba sai da fankar ta cije tana zuƙar wuta fiye da ƙima. Ka kori maigadi, wayoyi su ɗau zafi, ka soma jin ƙaurin roba a cikin lungun Mandawari, inda motar kashe gobara sai dai ta tsaya a bakin titi tana kuka.

Ɗan YouTube ya kalli wani mutumin Kanada yana gyara tasa, ya zo yana koya wa Oga, mai rumfar, sana'ar da ya gada. Mai Beljiyam kuma ba ya sa sabuwa ko kyauta ce. Ya shiga Ƙofar Ruwa da hantsi, ya yi ciniki har la'asar, ya dawo da fankar da soket ɗinta bai shiga ba.

Na ƙarshe ni ne. Golf gare ni 'yar Kwatano, ta shigo kafin a hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a 2017. Oga ya jona fankata a batir, ta motsa da ƙyar. Ya canza kabon, ya wanke, ya ɗiga mai. Na kunna, iska ta taso, sanyi ƙalau kamar daga randa. Ya ɗaga bonet ya leƙa, ya yi murmushi.

"Malam, wa ya taɓa maka motar nan?"

Ashe wani makanike ya daɗe da yanke tiyon da ke kai ruwan zafi cikin hita, ya haɗe bakin biyu, ya kuma cire tamostat ya jefar, wai na ƙasar ƙanƙara ne. Ni ma lokacin na ce masa Allah ya yi albarka, don a watan Afrilu ne.

Na biya kuɗin aiki. Fankar tana yi, ɗaya zuwa huɗu. Ni kuma har yanzu da rigar sanyi biyu nake tuƙi da asuba.