Hankicin Ranar Yara

Makarantar su Auta ce ta aiko da takarda: ranar 27 ga Mayu, Ranar Yara, kowane yaro ya zo da 'yar tsarabar da zai raba wa 'yan ajinsu, amma ban da alawa, ban da cingam, ban da minti, wai haƙoran yara sun ƙare. Iyaye masu son zaman lafiya suka leƙa kasuwar Tarauni suka sayo fensir da kilina. Ni kuwa na ce Allah ya kiyaye in raba fensir a garin da aka ce tun 1498 ake rini a Ƙofar Mata.

Na yanko farin yadi a Kantin Kwari, telan layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya fitar mini da hankici 32, na ƙullo garin shuɗi a leda. Mai shuɗin ya yi maganar soda da wani sinadari mai wari, amma a lokacin hankalina na kan adaidaita sahun da nake tarewa. A Ƙofar Mata, baba da toka da kanwa sai sun yi makonni a karofi kafin zane ya shiga, a tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa. Nawa rinin tsakanin magariba da isha'i ya kammala a bahon wanki. Kuma wallahi ya yi kyau, kowane hankici da zanen rana a tsakiyarsa.

Ranar biki aka gama fareti da tsere da tsakar rana, zafin Mayu na dukan kowa, yara sun yi sharkaf da gumi. Anti ta jera su a gaban rumfar iyaye, Auta ta bi layi tana rabo. Sai Anti ta ɗaga hankici ɗaya sama ta ce a tafa wa Maman Auta, da hannunta ta yi. Aka tafa. Na sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da ake yi don a ƙara tafi.

"To yara, me ake yi da hankici?"

"Share gumi!"

"Maza kowa ya share."

Hannaye 32 suka tashi lokaci guda. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsu. Akwai wani ɗan lukuti fari tas a sahun gaba, yaro mai tarbiyya, wanda in an sa shi aiki ba ya ha'inci. Ya fara daga goshi, ya gangaro kumatu, ya zagaye wuya, ya shiga bayan kunne. Da ya sauke hannu, ido da haƙora kawai suka rage nasa. Ya kuma yi mini murmushi. Ni ya yi wa, ba wani ba. Ta kusa da shi ta ga fuskarsa ta fashe da kuka, hawaye ya tsaga layi biyu a tata fuskar, ta sa hankicin ta share, da abin ya ƙi ta koma ga farin hijabinta. Anti na cewa "ku tsaya, ku tsaya," ba ta san tun da ta ɗaga hankicin ta ɗan dangwala shi a wuyanta ba. Uwar ɗan lukutin kuwa, kujerarta na manne da tawa. Ba ta ce komai ba. Juyowa kawai ta yi a hankali ta dubi tafin hannuna, wanda tun safe nake ɓoyewa a cikin mayafi.

Wani uba ya ce a kawo lemon tsami, wani ya ce kalanzir. Ana cikin haka sai ga Baba maigadi, wani dattijon Buzu mutumin Agadas, ya baro shayinsa a kan gawayi ya taho yana gyara rawani. Ya durƙusa gaban ɗan lukutin, ya shafi kumatunsa da yatsa, ya duba yatsan a rana, ya jinjina kai.

"Hajiya, kada a wanke."

Na ce, "Baba, kamar yaya kada a wanke?"

"Mu kuɗi muke biya a yi mana haka. Turkuɗin Kura, nan kan hanyar Zariya, wanda ake bugawa har ya yi ƙyalli, in ka naɗa bai zuba a goshinka ba, ai an cuce ka. Da shi ake gane mai hali. Kuma yana maganin rana."

Uwar yaron ta ce da yamma za su gidan biki.

"To ai shi ke nan, an huta," in ji Baba. "Sai dai a ƙara masa ta nan, gefen hagu bai kama sosai ba."

Ya miƙe ya kama hanyar shayinsa, ya yi taku uku, ya dawo ya rage murya.

"Hajiya, in akwai saura a baho kada ki zubar. Gobe zan aiko da rawanina."