Injin da Ke Shiga Ruwa da Kansa: Masu Musu, Bismillah

Masu musu, ku gyara zama, yau da ku nake. A Amurka akwai wani ƙaramin inji mai aiki da batir da masu kamun kifi ke ɗaurawa a goshin jirgi, ba a baya ba. Idan mai jirgi ya iso inda yake zaton kifi, ba ya tashi, ba ya sunkuyawa, ba ya jan igiya. Maɓalli zai danna, sai injin ya zame daga inda yake kwance, ya miƙe, ya tsoma farfelarsa cikin ruwa. In an gama a sake dannawa, ya fito ya koma makwancinsa. Tun daga nan ina jiyo ku. Mutumin Bebeji ya ce, "Malam, a wane fim ɗin Indiya ka gani?" Na Kiru ya taɓe baki ya ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na Tudun Wada, da yake ya saba da awon shinkafa, bai ce komai ba sai "Nawa ne?" Na Doguwa kuwa ya yanke hukunci tun kafin a gama karanta ƙara: lalaci ne kawai na mutanen da ƙoshi ya yi wa yawa. To, kowa zai sami rabonsa, ba wanda zan bari ya tafi hannu rabbana.

Ɗan'uwana na Bebeji, kai ne na farko, tunda a ƙasarka madatsar Tiga take. Wannan inji ba baƙon jiya ba ne. A shekarar 1934, shekarar da aka fara bikin kamun kifi na Argungu, wani mutum mai suna O.G. Schmidt a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa ya haɗa injin jirgi mai aiki da lantarki, kamfaninsa kuma, Minn Kota, yana nan har yau. Ka ga ke nan injin ya girmi madatsarka, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da shekara arba'in cur. Ka girmama na gaba da kai.

Ni injin sanɗa nake kiransa, don aikinsa ke nan. Babban injin fetur na baya shi ke kai jirgi nesa da gudu, amma ƙararsa da girgizarsa na watsa kifi. Da an iso sai a kashe shi, a sauke na sanɗa, jirgi ya riƙa lallaɓawa ba hayaƙi, ba hayaniya. A goshi ake ɗaura shi saboda jan jirgi ya fi tura shi sauƙin sarrafawa, musamman in iska ta taso: goshi na fuskantar iska, sauran jiki na bi. Ƙarami na batir ɗaya ne, matsakaici na biyu, babba na uku. Na zamani ma suna magana da tauraron ɗan'adam: ka danna, injin ya riƙa juya kansa yana tsayar da jirgi wuri guda, ba anka, ba dutse da igiya.

Yanzu kai na Kiru, mai cewa fure. Je ka Kwanar Dangora ka sami yaron da ke da babbar waya, ka ce ya rubuta maka Ulterra a YouTube. Sunan samfurin ke nan da kamfanin Minn Kota ya fitar sama da shekara goma da suka wuce, mai sauka da hawa da kansa, har ana iya ƙara masa zurfi ko a rage daga na'urar da ke rataye a wuyan mai jirgi. Wasu kamfanoni, irin su Garmin, ba su kai nan ba a samfurinsu na farko, sai suka sa wani bututu mai matsattsiyar iska da ke rage nauyi idan an ja igiya. Gani ya kori ji. In ka kalla kuma ka ce haɗi ne na kwamfuta, to na sallama maka, sai dai ka tuna kai ne ka rantse ba za a taɓa tura kuɗi ta waya ba, yau ga ka a layin mai POS kana tambaya ko "alat" ya shigo.

Baba na Doguwa, maganarka ta lalaci ita ce mai nauyi, don haka zan zauna a kanta. Ka san irin kamun da suke yi? Ba taru ba ne, ba birgi ba, ba kalli da ake shimfiɗawa da yamma a duba da asuba ba. Fatsa ce, kuma gasa ce. Suna farautar wani kifi da suke kira bas, babbar gasarsu, Bassmaster Classic, ana yin ta tun 1971. Mai gasa yakan tsaya nan ya jefa ƙugiya 'yan mintoci, ya ga babu, ya ɗaga inji, ya ruga wani lungu, ya sauke, ya sake ɗagawa. Haka zai yi ta yi daga hantsi har la'asar. Injin nan da dogon ƙarfensa da mazauninsa yakan kai nauyin rabin buhun siminti ko fiye, ga shi a can bakin goshi, inda jirgi ya fi rawa. Mutum ya sunkuya a wurin yana ja, igiyar ruwa ta bugo, ai ko dai baya ya amsa ko mutum ya tsinci kansa a wurin kifayen da ya zo nema. Dattijo mai ciwon baya, ko wanda ya fita shi kaɗai ba yaro, maɓallin nan ne ke ƙara masa shekarun sana'a. In wannan lalaci ne, Baba, me ya sa ka ajiye guga ka sayi injin ban-ruwa don rakenka? Me ya sa da za ka sayi babur ka ce lalle sai mai sitata? Ƙafarka ce ta karye?

Sai dai kada ku ce ina kare Amurkawa ido rufe. Ku ji ƙarshen gasar: bayan duk wannan wahala, a auna kifin, a tafa, a ɗauki hoto, sannan a mayar da shi ruwa da ransa. Nan kam, mahauta, abokan wasan masunta, na ba ku izini ku yi dariya har ku faɗi. Amma ku sassauta, don masuncin Tiga bai taɓa sakin ragon ruwa ba, ku ma kuwa ba ku taɓa yanka sa ku ce ya tashi ya tafi ba.

Alhaji na Tudun Wada, ga amsarka, ka riƙe hularka. Mai ɗaga kansa ɗin ya haura dala 2,000, ban da batura, ban da caja, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Ka buga da canjin yau ka gani. Kuɗin zai sassaƙa kwalekwale da yawa, ya cika su da kalli, a sami canjin yi wa uwargida zane. Karfasa nawa za a soya a bakin titi kafin a fanshe shi? Ƙari a kan haka, an ƙera shi ne don jirgi mai shimfiɗaɗɗen dandamali a gaba, inda za a ɗaure shi da kusoshi. Kwalekwalen katako mai tsinin goshi ba shi da wurin. In kuma na'urar cikinsa ta lalace, wa zai gyara? A nan, Alhaji, ka ci gari. Amma kada ka yi saurin tashi, saura ƙiris.

Ku dubi ruwan da Allah ya ba ku. Tafkin Tiga ya kai murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, Kogin Kano na kwararo masa daga tsaunukan kudu ta dajin Falgore. Daga nan ake sakin ruwan da ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Wannan faɗi duk da filafili da gora ake ratsa mafi yawansa, ƙarfin damtse ne jarin. Wanda ya sami injin fetur kuma, tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, kafin ya kunna sai ya yi lissafi sau biyu. A tafkin Victoria, ɓangaren Kenya, wani kamfani mai suna Asobo ya fara bai wa masunta hayar injin lantarki, ana cajin baturan da hasken rana, masunci ya biya kuɗin haya maimakon kuɗin mai. Su ma da kwalekwalen katako suke su. Ranar Mbita, garin da kamfanin ya fara aikin, ba ta fi ranar Bebeji zafi ba.

Ga inda ɗagawa ke shigowa, ko kun ƙi ko kun so. Da rani ruwa na ja da baya, duwatsu da kututture su matso sama, ga kallin maƙwabci a shimfiɗe, ga ciyawa. Duk injin da ke cikin ruwa dole a riƙa ɗaga shi akai-akai, in ba haka ba farfela ta naɗe koma ko ta karye, a koma gida da rigima a gaban Sarkin Ruwa. Ba sai da tauraron ɗan'adam za a yi wannan ba. Ƙarfe mai lanƙwasa da sifirin, ko ƙaramar motar ɗaga gilashin mota da aka ciro daga Kofar Ruwa, sun isa. Masu waldar da suka iya haɗa injin casar shinkafa da na ɓarzar masara, ashe maɗagin inji ne zai gagare su?

Hukuncina dai ga shi. Mai maɓallin Amurka ba namu ba ne a yanzu, wanda ya ciwo bashi ya saya kuma kada ya ce ni na aike shi. Amma injin batir mai shiru, da faranti mai cajinsa, da maɗagi ƙirar gida, wannan abin gwadawa ne, ƙungiyoyin masunta da hukumar kogunan Hadejia da Jama'are su duba. Kafin nan, duk wanda zai hau ruwa, da inji ko da filafili, ya sa rigar kariya, don ita ba ta jiran canjin dala. Ku kuma masu musu, ku ci gaba, ba na hana ku. Sharaɗi ɗaya ne: ranar da kuka ga injin a Tiga, kada wanda ya ce shi dama tun farko ya faɗa.