Zuwa Ga Bawana Na Jahun, Mai Talabijin Mai Magana a Duhu

Bawana ɗan Fulanin Jahun, ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga yaronsa. Yaya shanu, in da saura? Yaya uwargida da yara, da kuma haƙurin zama da kai?

Labari ya iso mini har Birniwa, don ka san abin kunyar Bafulatani ba ya kwana a hanya. An ce da aka gama girbin shinkafa a fadamar Harbo, ka haɗa kuɗin 'yan buhunanka da na ɗan bijimi guda, ka hau mota ta Gujungu da Ringim ka dira a Kano, ka dawo da kwalin da sai da aka karkata shi kafin ya wuce zaure. Talabijin ta bango, inci 55 a rubuce, a kuɗin da masu hankali ke sayen mai inci 32. An ce ranar unguwa ta cika maƙil, kai kuma kana tsaye da rimot a hannu kana faɗa wa kowa cewa ka yi wa Kanawa wayo. Ɗan Fulani ya yi wa ɗan kasuwar Sabon Gari wayo! Tun daga jin wannan na ce a fara shirin zuwa jaje.

Ai kuwa ba a je ko'ina ba ta ɗauke hoto. Murya garau, fuska baƙi ƙirin. Yanzu iyalinka kan shimfiɗa tabarma su saurari Daɗin Kowa, kai kana gefe kana kwatanta musu wanda ya shigo da wanda ya fita. Ka ba da bijimi sukutum ka sayo rediyon da ya fi kowane rediyo faɗi a jihar Jigawa.

Da yake haƙƙinka yana wuyana, bari in gaya maka ciwonta kyauta. Ka kunna ta da dare, ka ɗauki tocila ka haska gilashin dab da dab, a ɗan karkace. In ka hango inuwar mutane na motsi can ciki, to allon lafiyarsa ƙalau, fitilun baya ne suka mutu. Irin wannan allo ba ya ba da haske da kansa. A bayansa akwai ƙananan fitilun LED jere a kan wasu siraran sanduna, su ne ke haskaka hoton. Galibi wuta ɗaya ce ke bi ta cikinsu bi da bi, don haka da ɗaya ta ƙone sai sauran su ɗauke. Masu haɗa ta bogi sukan rage yawan fitilun don su rage kashe kuɗi, sannan su ƙure wa 'yan kaɗan ɗin wuta, don ta yi ƙyalli a shago ta ja idon irinka. Fitilar da ake gana wa wannan azaba ba ta tsufa. Mai gyara a Dutse ko Haɗeja zai iya sauya sandunan, kuma kuɗin bai kai na sabuwa ba ko kusa, muddin ya san hannunsa, domin sai ya ɗaga gilashin kafin ya kai gare su, kuma da ya tsage shi ke nan, zance ya ƙare. In Allah ya sa ta tashi, ka shiga wurin saiti ka rage hasken baya zuwa rabi ko sama da haka kaɗan. Za ta rage zafi, ta ƙara kwana.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, na ga yadda kake ciniki a karar Maigatari ranar Alhamis. Sai ka buɗe bakin saniya ka duba haƙora, ka ɗaga kofato, ka shafa tozo, ka taɓa hanci ka ji ko da danshi, ka sa a kora ta ka ga tafiyarta, sannan ka tambayi garken da ta fito. Dillali ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, kai ko gezau. Amma da ka shiga shagon kayan lantarki, ka ga fitilu da hoton kifi yana iyo a allo ashirin, sai duk wannan basira ta bi iska. Ko kwalin ba ka sa an buɗe ba. Ka yi cinikin biri a sama, ka ƙara da godiya.

Kada ka ce mini araha ce ta cuce ka, don araha iri biyu ce. Akwai mai asali, akwai wadda ba a san gidan ubanta ba. Gilashin da ke fuskar yawancin talabijin na duniya a yau daga masana'antu ƙalilan yake fitowa, mafi yawansu a ƙasar Sin, irin su BOE da CSOT ta kamfanin TCL. Samsung kanta, wadda ke kan gaba a cinikin talabijin a duniya tun 2006, ta daina ƙera irin wannan gilashi na LCD a 2022, saye take yi a wajen wasu. Ke nan zamanin da ake cewa kayan Sin duk tarkace ne ya wuce. Hisense, da aka kafa a Qingdao a 1969, ita ta saye sashen talabijin na Toshiba, kuma ka ga sunanta a gefen fili a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha da ta 2022 a Ƙatar, in dai a lokacin kana kallo ba sauraro ba. Ita da TCL su ne ke bin bayan Samsung a yawan abin da ake sayarwa. A nan gida akwai Fouani da ke dillancin LG da Hisense, akwai itel da Syinix na Transsion, kamfanin da ya yi wayar Tecno da ke aljihunka, ga su Polystar da Nexus da Scanfrost da Bruhm. Ban ce dukansu ɗaya ne ba, ban kuma ce ba sa lalacewa ba. Abin da na ce shi ne suna da suna, suna da adireshi, suna da ƙofar da za ka je ka buga.

Taka fa? Ka sa ɗanka na firamare ya karanta maka sunan da ke goshinta a hankali. Zai ga sunan wani babban kamfani ne aka sauya wa harafi ɗaya, ko kuma tambari ne kawai aka manna da gam. Irin waɗannan a bayan shago ake haɗa su: a samo tsohon gilashi daga matacciyar talabijin ta gwanjo, ko wanda masana'anta ta ƙi saboda aibi, a ɗaura masa bod ɗin da ke shiga kowace irin talabijin, a sa a sabon gida, a zura a kwali mai sheƙi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan lantarki suka yi tashin gwauron zabo, kasuwar masu wannan haɗe-haɗe ta buɗe. Suna zaune suna jiran mai son babba a kuɗin ƙarama, sai ga ka da sanda a kafaɗa.

Ka ari tef ɗin tela ka auna ta. Ana aunawa ne daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama, gilashin kaɗai ban da firam. Mai inci 32 takan ba da santimita 81, mai 43 ta ba da 109, mai 55 ta kusa 140. In taka ta cika, na yafe maka bautar wata guda. Haka tambarin 4K da aka liƙa mata. Ta gaskiya tana da ɗigon hoto 3840 a kwance da 2160 a tsaye, yayin da yawancin masu inci 32 na araha ke da 1366 da 768. Kuma wannan ɗin ya ishe ka, domin tashoshin da dikodarka ke kamawa, da Arewa24 da sauransu, ba su kai 4K ba balle ka ce an rage ka da wani abu. Ɗakinka ma taku nawa ne? Mai inci 55 a wannan ɗaki, sai ka riƙa juya wuya kafin ka ga ƙwallo ta tashi daga raga zuwa raga.

Ko da ta kirki ka saya, sai ka san cewa Jahun ba shagon Kano mai sanyin na'ura ba ce. Wutar da ake kawowa kamata ya yi ta tsaya wajen bolt 230, amma ka fi ni sanin yadda take zuwa: yau ƙwan fitila ja kamar ba ya so, gobe ta dawo da ƙarfin da zai fasa shi. Wannan dawowar ta bazata ita ke kashe bod ɗin wuta. Ka sayi sitabilaiza, ko aƙalla ɗan abin kariyar nan da ake toshewa a soket, mai jinkirta wuta kafin ya sake ta. In janareta za ka tayar, ka zare talabijin sai injin ya daidaita, kuma ka kashe ta kafin mai ya ƙare, domin lokacin da injin ke shure-shuren mutuwa ne yake aiko da wutar da ba ta da kai. In sola kake amfani da ita, nan ma ƙaramar ta fi maka: mai inci 32 wat 30 zuwa 50 take ci, ƙatuwar taka kuwa ninki biyu ko fiye, batirinka ba zai kai ka ƙarshen fim ba. Akwai ma waɗanda aka yi su don batir mai bolt 12 kai tsaye, ba sai da inbata ba.

Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan haura 40 a ƙasarmu, ƙarƙashin rufin kwano kuma abin ya fi haka. Kada ka manne ta da bango ƙam, ka bar mata sarari a baya ta sha iska. Wannan mayafin leshi da uwargida ke lulluɓa mata don ado, a yaye shi duk in an kunna. Da hunturu ya wuce a goge ƙurar da ta toshe 'yan ramukan baya. In damina ta faɗi, ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ka zare filogi, ka kuma zare wayar dish, don tsawa ta fi son bi ta nan ta ƙone dikoda ta zarce cikin talabijin. Kuma wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa garuruwan bakin Kogin Haɗeja a 2020 da 2022 ba sai an ce masa ya ɗaga kayan wuta sama ba. Sai dai bangon ƙasa in ya sha danshi ba ya riƙe ƙusa. Ka kafa katako mai ƙwari tukuna ka ɗaura ƙarfen rataye ta a kai, ko ka ɗora ta a tebur mai tsayi, kada ta sauko da asuba ta gaishe ka a ka.

Ran da za ka koma saye, ka fara da rumfar mai gyara kafin shagon mai sayarwa. Ka tambaye shi wace iri ce aka fi kawo masa, wace iri ce kuma ake samun kayan gyaranta a Kano ba sai an aika Alaba ta Legas ba. Shi ba ya da riba a yi maka ƙarya. A shago ka sa a buɗe kwali a gabanka a kunna. A nuna maka allo fari fat, sannan baƙi, ka duba ko akwai ɗigo ko layi ko wani gefe da ya fi wani haske. A gwada kowace kafa ta HDMI da ta filash. Lambar da ke bayanta ta yi daidai da ta jikin kwali da ta katin garanti. A rubuta maka rasit mai sunan shago da kwanan wata da wannan lamba, don ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ka je, takarda za a fara tambayar ka, ba rantsuwa ba. Ka kuma sani garanti, wanda galibi shekara guda ne, ba ya ɗaukar fashewar gilashi ko ɓarnar wuta ko ta ruwa. Saboda haka a tsaye ake ɗauko ta a mota, ba a kwance a kan buhunan taki ba. Mai intanet a ciki kuwa, in ta araha ce sosai, ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, tana nauyi, tana shan data. Gara ka sayi marar hayaniya mai kyau, ka haɗa ta da dikoda. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma nagari ba lallai ne ya zama mafi tsada ba.

Na san amsarka tun kafin ka buɗe baki. Za ka ce Babarbare mai zane a kumatu, wanda goro ya rina wa haƙora, me ya sani? Za ka jawo mini zancen Gazargamu da 1808, kamar yadda ka saba duk in hujja ta ƙare maka. Na ji, kun shiga birni. Shekara fiye da ɗari biyu ke nan, har yau ba a samu wanda ya koya muku karɓar rasit ba. Za ka kuma ce tawa ƙarama ce, inci 32 kacal. Haka ne, amma tawa in mutum ya yi magana ana ganin bakinsa.

Ga hukuncinka. Ƙwarya biyu ta kindirmo marar ruwa, da kwalbar man shanu, kuma in Muharram ya kama kuɗin shara ninki biyu ne bana. In ka biya, mu haɗu a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, washegari in raka ka Kano da tef ɗin tela a aljihuna. Kai aikinka ɗaukar kwali. Kuɗin kuwa ka ce wa uwargida ta damƙa su a hannuna, domin an ce akwai wani shago da ke sayar da firji mai ƙofa biyu a kuɗin randa, kuma ba na so mu bi ta gabansa kana riƙe da ko sisi.

Ubangidanka har abada,
Babarbaren Birniwa.