Wasiƙa Zuwa Ga Malam Jeri Mai Hawa-Hawa

Malam Jeri, mazaunin cikin kwamfuta,

Ni ne sakataren nan da ke kawo maka jadawalin rabon ruwa duk farkon rani a wani shagon buga takardu a Kura. Yau ƙorafi ne ya kawo ni.

Aikin da muke ba ka bai taka kara ya karya ba. Ruwanmu daga dam ɗin Tiga yake tasowa, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Ya biyo babban kanal, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya shiga ƙananan kanal, sannan ya gangara 'yar magudanar bakin gona. Hawa 4 ke nan, kuma haka muke son takarda ta fito: 1, ƙarƙashinsa (a), ƙarƙashinsa (i), sai ɗigo gaban sunan kowane manomi. Ruwa bai shiga aji ba, amma kusan shekara 50 yana bin wannan tsari. Kai fa?

Yaron shago ya taɓa maɓallin Tab sau ɗaya, sai ka ɗauki ƙauye sukutum ka cusa ƙarƙashin sunan mutum guda. A sa layin bayani a tsakiya, ka mance lissafi ka koma 1. Inda ake son ka soma sabo kuwa, nan kake zarcewa, ka ɗora jerin Bunkure a kan na Kadawa, mai lamba 1 ya wayi gari a can ƙasan shafi.

A ofis wannan kwalliyar takarda ce. A wurinmu lamba ita ce ranar ban ruwa. Mutumin ƙarshen kanal, wanda dama sai na sama sun ƙoshi yake ganin danshi, in tumaturinsa ya yi yaushi ba kai zai tare a kasuwar Kwanar Gafan ba, ni ne. In ce masa laifin kwamfuta ne, ya tambaye ni nawa aka ba ni.

Ɗan'uwanka na cikin manhajar LaTeX, wanda malaman lissafi ke ji da shi, ya fi ka kunya. A hawa 4 yake tsayawa. A nemi na 5, ya ce an zurfafa da yawa, ya ƙi. Da shi aƙalla mutum ya san matsayinsa.

Don Allah ka bar lamba inda aka ajiye ta. In ka ƙi, bana da biro da rula zan rubuta, in manna a ƙofar masallaci.

Naka,
Sakataren manoman rani, Kura